Kundin da Namadi Ya Zuba Cikin Gilashi

Mutari dillalin awaki shi ya fara ba Namadi labarin abin. Ranar kasuwar Issawane ce, rana ta take, suna zaune gindin aduwa, sai wata tsohuwa ta kawo ma Namadi ƴar wasiƙar ajami da ɗanta ya aiko, ta ce ya karanta mata. Namadi ya kai takardar nesa, ya dawo da ita kusa, ya kai ta har bakin hancinshi.

Shi Mutari taubashinshi ne, ɗan kawunshi, ba ya raga mishi ko gaban wa. Ya ce, "Malam, karatu aka ce ka yi, ba sansana ba. Ba daddawa ba ce."

Namadi ya ce rubutun ne ba kyau. Tsohuwa ta karɓi takardarta ta tafi neman wani. Da ta yi nisa, Mutari ya sauke murya ya ce, "Idon ne ko?"



Mutari ya ce, "Na ga wani abu a Tasawa, wurin Abdul Razak mai gyaran salula. Kamar allo shike, amma na gilashi. Ana zuba littafi ciki, ka danna, baƙi ya yi ta girma har ya kai ƙwayar gyaɗa. Tsoho ne kamarka, ya sha hannu, shi ya sa ba tsada."

To, ka san Namadi ba wani babban malami ba ne. Manomi ne, gonarshi biyu, da ƴan awaki, da matarshi Sa'a. Tun shina yaro mutum ne mai tsoro. Kare ya yi haushi bayan gari, Namadi ya sake hanya. Mota ta hukuma ta tsaya bakin masallaci, Namadi ya tuna akwai aiki gona. Abin da ya sa ake ce mishi malam, kundin ubanshi ne. Malam Mamudu, ubanshi, ya yi yawo da shanu shekara da shekaru, kuma duk dattijon da ya ba shi wani abu sai ya zauna ya rubuta. Takardu sun fi ɗari biyu cikin gafakar fata. Akwai addu'ar fara haƙar rijiya, akwai abin da ake rubuta ma mace mai naƙuda, akwai saiwar da ake ba saniya in mabiyiya ta ƙi faɗuwa, akwai sunayen kakanni har bakwai da shekarar da fari ya cinye musu garke. Ranar da tsohon zai rasu ya miƙa mishi gafakar gaban Zulaihatu, yayar Namadi, ya ce, "Ba taka ba ce. Ajiya ce."

Shekara talatin Namadi shina buɗe gafakar nan, ya duba, ya kwafa bisa allo, a wanke a sha. Bai hardace ba. Don me zai hardace, takarda tana nan? Ba gidan da ba a sha rubutun Mamudu ba a garinmu.

Sai abu biyu suka taso mishi lokaci guda. Ido ya fara hazo. Ya je likita a Mayahi, aka ce yanar ido ce ta soma, ba ta nuna ba tukuna balle a cire. Ya sayi madubin ido na kasuwa, ya yi mishi shekara guda ya daina. Na biyu, wata damina gara ta shiga gafakar ta ci gefen takardun. Ya kore ta, amma takarda ta riga ta mutu. Ka ɗaga shafi, gefe ya zube bisa gwiwarka kamar dusa. Kullum ya buɗe, gabanshi faɗuwa shike. In ya bari, ba ya gani. In ya taɓa, tana zuba.

Sati biyu shina juya maganar Mutari. Daga baya ya sayar da bunsuru, ya rataya gafaka ƙarƙashin riga, Mutari ya goya shi bisa moto suka nufi Tasawa.

Rumfar Abdul Razak tana kusa da tasha. Ya fiddo abin daga cikin wani kwali, ya hure ƙura. Baƙi ne, gefe guda ya ƙoƙe. Ya ce masu lakwal, ƴan boko ke nan, suna ce mishi lizes. Namadi ya ƙi taɓawa, ya leƙa kawai, hannu a baya.

Abdul Razak ya ce, "Baba, gaskiya zan faɗa maka ko da ban sayar ba. Wanga ya girmi ɗana na fari. Cikin gwanjo ya zo. Ba shi da fitila, rana ta faɗi shi ma ya kwanta. Sababbin suna da haske, ruwa ba ya yi musu komai, amma sai Maradi ko Yamai, kuma bunsuru guda ba ya kawo su. Abin da wanga ya iya, caji guda ya kai ka sati uku, kuma ko cikin rana tsaka kana gani kamar takarda."

Namadi ya ce, "Ɗana, da kai ne, ka saya?"

"Don karatu, na saya. Don ajiya, ban saya ba. Batir ɗinshi ya tsufa. Abin karatu ne, Baba, ba rumbu ba."

Mutari ya ce, "Ka ji, ku biyu kun dace. Kowa batir ɗinshi ya tsufa."

Aka yi ciniki. Sai aikin zubawa. Namadi ya ce ba mai taɓa takardar Mamudu sai da alwala. Abdul Razak ya yi dariya, amma ya ɗauki buta. Suka shimfiɗa farin ƙyalle, Namadi shina ɗaga shafi da yatsu biyu, numfashi a riƙe, Abdul Razak shina ɗaukar hoto da salula. Tun hantsi har la'asar. Ya kai hotunan cikin babbar na'urarshi, wadda suke ce ma ordinater, daga nan ya zuba su cikin allon. Ya danna, ya miƙo.

Namadi ya ga hannun ubanshi. Baƙi manya-manya, tas, har da wani ɗigo da ya yi shekara biyar bai gani ba. Ya daɗe bai ɗago kai ba.

Amma duk yinin nan ya lura da wani abu. Samari suna shigowa rumfar, wanga ya miƙa salula, wancan ya miƙa, ana zuba musu waƙoƙi daga wannan ordinater ɗin, suna ta dariya. Waƙa guda ta shiga salula biyar kafin ya gama sallar azahar. Ya ce a ranshi, to gobe asirin Mamudu shina aljihun kowane ɗan tasha ke nan, gefe guda da kiɗa.

Ya ce, "Ɗana, na cikin salularka fa?"

"Suna nan."

"Goge. Na babbar ma goge."

"Baba, bari in aje guda can ciki, ba mai gani. Saboda tsaro."

"Goge ina kallo."

Abdul Razak ya dubi Mutari, Mutari ya ɗaga kafaɗa. Abdul Razak ya goge. Namadi ya sa shi ya nuna mishi wurin, ya sake nunawa, ya sa shi ya rantse. Abdul Razak ya rantse, ya ce, "To, takardun dai ka riƙe su da kyau." Namadi ya ce ai suna nan.

Watannin da suka biyo, Namadi ya dawo mutum. Da farko Sa'a ta ce kada ya shigar mata da abin ɗaki, don ta ga ko an bar shi kwana uku rubutun ba ya gushewa, ba wuta ba haske, shina nan kamar an zana. Daga baya ta saba, har ita ke kai shi caji wurin mai faifan rana na bakin kasuwa, cikin ƙyalle, bisa kai. Namadi ya koma zama ƙofar gida da hantsi, allon itace a gwiwa guda, na gilashi a ɗaya. Mutane suka koma zuwa. Mutari ya wuce ya ce, "Malam ya waye, saura takalmi mai igiya."

Takardun kuwa suna rataye cikin gafaka, suna ci gaba da zuba. Wata safiya ya fito ya ga kazar Sa'a da guntun takarda a baki. Ya matsa, ya ga rabin sunan Allah da hannun Mamudu. Ya bi kazar nan, ta bi ta bayan rumbu, ta bi ta turken awaki, ta shiga inda ake zubar da ruwan wanke-wanke ta sake shi nan. Ya tsamo shi. Ya koma ɗaki ya duba ƙasan gafaka, sai ga ƙananan guntaye a ƙasa, nan inda shike taka ƙafa kullum. Kwana nawa shina taka su? Bai sani ba. Ranar ko fura bai iya sha ba.

Ka san yadda muke yi. Takarda mai sunan Allah in ta tsufa ta fara zuba, ba a barinta tana yawo. Ana naɗe ta a rufe ta wuri mai tsarki, inda ƙafa ba ta bi. Haka Mamudu da kanshi ya yi da tsofaffin takardun malaminshi, Namadi shina riƙe mishi da hauya. Maganar Abdul Razak ta faɗo mishi, ba wai ya manta ba. Amma ya ce, shi yaro ne, gilashi ya sani, bai san nauyin taka sunan Allah ba. Kuma ga rubutun nan duka cikin allo, ya bi shafi-shafi sau biyu, ba wanda ya ɓace.

Bai gaya ma yayarshi Zulaihatu ba. Tana aure can Korgom, kuma ya san abin da za ta ce. Ya sami farin ƙyalle ya naɗe takardun, ya haƙa rami gabas da masallaci, ya sa su, ya mayar da ƙasa, ya jera duwatsu uku. Ya ji sanyi a ranshi. Bayan sati biyu ruwan shuka ya sauka.

Damina ta yi tsaka. Wata rana da azahar akuyar maƙwabci ta ci ɗanyen haki cikinta ya kumbura, aka zo wurin Namadi. Ya buɗe shafin maganin kumburin akuya, ya karanta musu, suka tafi. Ya danna don ya koma farko. Shiru. Ya sake dannawa. Shafin akuya shina nan. Ya danna na gefe, ya danna na ƙasa, ya yi bisimilla ya danna da ƙarfi. Ya ce caji ne. Ya kai da kanshi wurin mai faifan rana, aka sa igiya, ƴar fitilar caji da takan yi ja ba ta yi ba. Aka sake igiya. Aka bar shi kwana biyu. Da ya je ɗauka ya shafa bayanshi, ya ji ya ɗan taso.

Bai gaya ma kowa ba. Wanda ya zo, sai ya ce kanshi ke ciwo, a dawo gobe. Kwana huɗu haka.

Rana ta biyar, da hantsi, Na Allah maƙeri ya shigo ko sallama bai ƙarasa ba. Ya ce, "Malam, matata Jummai ce. Tun asuba take fama da naƙuda. Inna ta ce a karɓo na Mamudu."

Namadi ya ɗauko allon itace da tawada. Wanga rubutu ya yi shi ya fi sau ɗari. Ya rubuta layi na farko. Ya rubuta na biyu. Ya zo na uku, alƙalami ya tsaya. Kalma biyu ce, ya san su duka, amma wacce ke gaba? Kuma bayan su akwai hatimi mai gida tara, ya tuna na sama, bai tuna na tsakiya ba. Ya juya ya dubi gilashi. Akuya. Tawada ta ɗigo bisa allo. Zufa ta jiƙa mishi riga. Ya ce in na sa na baya a gaba, matar nan ta sha, wani abu ya same ta, wa ya kashe ta?

Na Allah ya ce, "Malam, yi sauri don Allah."

Namadi ya goge layin na uku da yatsa. Ya rubuta addu'ar da kowa ya sani, ya wanke ya ba shi. Ya ce, "Na Allah, wanga ba na Mamudu ba ne, ba zan yi maka ƙarya ba. Ka ba ta, ka ɗaura amalanke ku kai ta likita yanzu."

Na Allah ya dube shi kamar bai san shi ba, ya karɓi ƙwarya ya fita da gudu.

Allah ya sa ta sauka lafiya a likita, ɗiya mace. Amma Namadi bai jira labari ba. Na Allah na fita ya ɗauki hauya ya nufi gabas da masallaci. Ya ture duwatsu, ya sara biyu, ya jefar da hauya ya koma tono da hannu don kada ya yanki wani abu. Ƙasa jiƙe sharkaf. Ya kai ga ƙyallen, ya zama ruwan ƙasa, ya ja, ya yage a hannunshi. Abin da ke ciki dunƙule guda ne, kamar dawo, baƙi-baƙi, gara na yawo ciki. Ya ɓantari gefe da farce ko zai ga baƙi guda. Ba ko ɗaya. Ya daɗe durƙushe. Daga baya ya mayar, ya rufe, ya jera duwatsun yadda suke.

Washegari Mutari ya sake goya shi Tasawa. Tun da suka taso har suka isa, Mutari bai yi mishi ba'a ko guda ba, kuma wannan ya fi komai tada ma Namadi hankali.

Abdul Razak ya karɓa zai kifa shi bisa teburi ya duba baya. Namadi ya riƙe mishi hannu. Ya ce akwai bisimilla a saman shafin, ba a kifa ta bisa teburin da ake aje sigari. Ya kwance rawaninshi ya shimfiɗa, kai ba komai gaban ƴan tasha, sannan aka kifa.

Abdul Razak ya shafa, ya sa igiya cikin ordinater, ya jira, ya girgiza kai. Ya ce, "Batir ya kumbura. Ba komai, Baba, kawo takardun mu sake ɗauka, in nemo maka wani."

Ya dubi Namadi, ya dubi Mutari. Mutari ya nuna ƙasa da yatsa.

Abdul Razak ya ce, "Inna lillahi." Ya zauna. Can ya ce, "Ina kyautata zaton suna ciki. Ba fita suka yi ba, ƙofa ce ta kulle. Amma irin batir ɗin nan an daina yin shi, kuma ni ba zan buɗe ba. Gilashin kamar ɓawon ƙwai shike, ga batir shina turo shi. Akwai wani Isma'ila a Maradi, kusa da babbar kasuwa, shina kwance matattun irinsu ya cire na cirewa. Ka kai mishi."

"Zai fito da su?"

"Shina iya fito da su duka. Shina iya kuma ƙarasa shi. Ban san wanne ba."

"In ya ƙarasa shi, wanga shafin fa?"

"Shi ma ya tafi."

"In na bar shi haka?"

"Shafin zai zauna, har ranar da batir zai fasa gilashin. Gobe ko baɗi, Allah ya sani."

Namadi ya naɗe abinshi cikin rawani ya rungume.

Bayan kwana kaɗan Zulaihatu ta zo daga Korgom sunan ɗiyar Na Allah, don da zumunta tsakaninsu. Ita kuwa duk zuwan da ta yi sai ta ce a ɗauko mata gafaka ta ga hannun Baba. Ba ta iya karatu ba, shafawa kawai take yi. Ta zauna bisa tabarma ta ce, "Namadi, ɗauko min."

Ya ɗauko gilashi ya aje gabanta. Ta duba ta ce, "Hannunshi ne. Me ya rubuta nan?"

"Maganin kumburin akuya, Yaya."

"To juya min."

"Ba ya juyuwa."

Ta ɗago ta ce, "Ina gafakar?"

Ya kawo gafakar. Ta ɗaga ta, ba nauyi. Ta sa hannu ciki ta lalube har ƙasa. Ya gaya mata duka, da kaza, da rami, da Jummai. Shina jira ta yi faɗa, don tun suna yara faɗanta shike tsoro. Ba ta yi ba. Ta ce, "Sunayen kakanninmu ma?"

"Suna ciki."

"Ni huɗu na riƙe. Kai fa?"

"Biyar."

Ta ce, "Tashi ka kai shi Maradi."

"Yaya, in suka buɗe, wanga ɗaya ma ya tafi fa?"

"Kwafe shi bisa takarda ka tafi."

"Na kwafe. Amma ba hannunshi ba ne."

Ta ce, "Namadi, Baba bai ba ka ajiyar akuya ba."

Ya ce to.

Ya tashi kuwa. Sa'a ta ɗinka ma abin ƴar jaka ta cusa auduga. Ya hau motar kasuwa, kowane rami aka faɗa sai ya ji kamar a ƙirjinshi. Duk inda aka tsaya sai ya kwance ya leƙa. Da suka iso Mayahi ya leƙa, ya ga wani siririn layi a kusurwar gilashin, kamar gashi. Ya ce da can babu shi. Ya sauka daga motar, ya zauna tasha har la'asar, ya biyo ta komawa gida. Sa'a ta duba ta ce wallahi layin nan tun ranar da aka sayo shi shina nan. Namadi ya ce ita ba ta san komai ba.

Karo na biyu Mutari ya ce shi zai kai, tun da shina zuwa Maradi da awaki. Namadi ya miƙa mishi, Mutari ya kai ƙofar gida, Namadi ya bi shi ya karɓe. Ya ce motar awaki ba wurin sunan Allah ba ne. Mutari ya ce, "To zo mu tafi tare, ka zauna gaba, ka rungume shi kamar jinjiri." Ya ce sai an gama noma na biyu.

Yanzu mutane sun rage zuwa. Mai akuya dai shina zuwa. Kowace safiya Namadi zai fito da jakar, ya kwance, ya kai gilashin bakin haske ya duba ko rubutun shina nan, ya shafa bayan ya ji ko ya ƙara tasowa. Shi ya ce ya ƙara. Zulaihatu ta aiko sau biyu daga Korgom tana tambaya ko ya je. Na ƙarshe ya ce ma ɗan aiken ya gaya mata da an gama ɗaurin hatsi zai tafi, Mutari ya riga ya yi ma direba magana.

An gama ɗaurin hatsi tun satin jiya. Jakar tana rataye, bai kai ta ba tukuna.